Inda Malam Hambali Ke Samo Dodanninsa

An ce wani sarki aka yi a can ƙasashen gabas, wanda Allah ya ɗora wa son labari. A birninsa akwai wani marubuci, Malam Hambali, gwanin rubuta abin da ido bai taɓa gani ba: garin da ke tafe a bayan kunkuru, dodo mai ciki bakwai, tsuntsuwar da ba ta rufe baki. In ana karanta wa sarki, sai ya yi ta dariya har rawaninsa ya karkace.

Da son ya yi yawa, sai sarki ya sa aka ɗauko malamin daga gidansa aka ajiye shi a fada. Aka ba shi soro mai shimfiɗu, aka jibge masa tawada da takarda, aka tsai da dogari a ƙofa don kada ko ƙuda ya dame shi. Matarsa ma aka hana ta leƙowa. Ni dai a ganina kurkuku ne, illa dai ana kai masa kaji.

Malam ya yi ƙiba, alƙalami kuwa ya bushe. Har damina ta wuce ba a ga ko layi ɗaya ba. Sarki ya fusata, ya sa aka kawo shi gabansa.

Ya ce, "Malam, na ciyar da kai, na tufatar da kai, ka saka mini da shiru. Waziri ya ce aljanin da ke kawo maka labari ne ya gudu. Faɗi inda yake a kamo shi, in ba haka ba a soron nan za ka tsufa."

Hankalin Malam ya tashi, don kewar gida ta ishe shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, ni ba ni da aljani. Da hantsi nakan je rumfar wanzami a bakin kasuwa, in jingina in yi kamar ina gyangyaɗi. Duk wanda aska ta hau kansa, bakinsa sai ya buɗe. Abin da na ji shi nake ɗaukowa, in sa masa ƙaho da wutsiya."

Sarki ya gyara zama. "To, dodo mai ciki bakwai fa?"

"Maƙwabcina ne, Barau mahauci, ranar walima."

"Tsuntsuwar da ba ta rufe baki?"

"Wannan kam a rufa mini asiri, ya sarki, surukata ce. In ta ji, gara a bar ni a soron."

Sarki ya bushe da dariya, fadawa suka taya shi, har Waziri ya yi murmushi. Da sarki ya share hawaye ya ce, "Saura wanda na fi so: kogin nan mai gudu da baya, wanda in mai iyo ya nufi gaɓa sai ya tsinci kansa inda ya taso."

Malam ya sunkuyar da kai. "Ya sarki, in faɗa ba laifi?"

"Ba laifi."

"Wani manomi ne aka ƙwace wa gona. Ya je wurin mai unguwa, aka tura shi wurin hakimi. Hakimi ya tura shi wurin alƙali, alƙali ya ce sai fada, dogarai suka mai da shi wurin mai unguwa. Tun kansa na baƙi yake zuwa aski yana ba da labarin, yanzu furfura ake aske masa. Ni ruwa kawai na zuba a ciki."

Kunya ta kama sarki, kunya mai zafi. Can ya ce, "Ashe kukan talakana nake wa dariya."

Bai tashi daga zaman ba sai da aka nemo manomin, aka saurare shi, aka mayar masa da gonarsa. Sa'an nan ya dubi marubucin ya ce, "Malam, tafi gidanka. Ka koma rumfarka ka ci gaba da gyangyaɗi, kome ka ji ka kawo mini." Malam ya yi godiya, ya fita da sauri har yana tuntuɓe da rigarsa.

Sarki ya juya ga Waziri ya ce, "Riƙe wannan, Waziri: adalcin da sai talaka ya yi furfura kafin ya same shi, zalunci ne ya naɗa rawani."