Ranar da Dinatu Ta Zubar da Maganinta

Akwai wata mata a Samaru mai suna Dinatu, ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinsu. Tana da ciwon da likitoci ke kira bipolar: wani lokaci ƙarfi ya taso mata har barci ya gagare ta, wani lokaci baƙin ciki ya kwantar da ita. Amma da maganin da take karɓa a asibitin Shika, ta yi shekaru lafiya lau.

Wata rana Mama Josephine, shugabar zumunta, ta hango ƙwayoyin a jakarta.

"Dinatu, mu nawa ne 'yan ƙabilarmu a Zariya? So kike a ce da hauka a jininmu, a ƙi auren 'ya'yanmu? Ina bangaskiyarki?"

Ranar Lahadi, lokacin ba da shaida, Mama Josephine ta ja ta gaban jama'a. Dinatu ta juye maganin a kwandon shara, ta ce ta warke. Aka yi tafi, aka rangaɗa guɗa.

Da ta daina barci, tana waƙa ba hutu, suka ce Ruhu ne ya sauko. Da ta shiga kasuwar Sabon Gari ba takalmi tana rabar da zannuwanta, masu guɗar nan ne suka ɗaga waya suna ɗaukar ta bidiyo. Har yau in na tuna raina ɓaci yake!

Matan zumunta suka ƙwace mata ba da waƙar. Ta kwanta ta ƙi cin abinci, ko ɗaya ba ta leƙo ba. Ƙaninta Japheth ne ya mayar da ita asibiti.

Da ta murmure, ta sake fitowa lokacin shaida, ta ɗaga sabon magani sama.

"Da wannan Allah yake riƙe da ni, shaidata ke nan. Mama, ga ki da tabarau. Ki jefa shi a kwandon nan, ki karanta mana aya da bangaskiya."

Mama Josephine ta kai hannu ta dafe tabaranta. Ba ta cire ba.

Dinatu ta ɗauko waƙa, mata suka amsa.

Darasi: Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne, ciwon ƙwaƙwalwa kuma ba abin kunyar dangi ba ne. Ku yi wa mara lafiya addu'a, ku bar masa maganinsa. Ku tura wannan ga duk mai ɓoye nasa a jaka.