Manomin da Ya Dafa Irinsa Ranar Biki

Akwai wani mutum manomi, gonarsa tana gindin dutse. Ƙasar wurin tsakuwa ce, ba ta riƙe laima, damina kuma takan ɗauke musu da wuri, tun mutanen kwari suna samun ruwa shi nasa ya tsaya. Saboda haka ba kowace dawa ce take yi a gonar nan ba. Akwai wata gajeruwar jar dawa da ya gada daga ubansa, ubansa kuma daga nasa uban, ita kaɗai ce ta san halin wurin. Ba ta da tsayi, ba ta da kyan gani, amma kafin ruwa ya ɗauke ta riga ta nuna.

Kowace shekara da kaka, matarsa takan bi gona ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta ɗaɗɗaure, ta rataye a bisa murhu cikin ɗakin girki. Can hayaƙi yake bugunta rani duka har ta yi baƙi, ƙwaro ba ya kusantarta. Wannan shi ne iri. Ko da yunwa aka kwana a gidan, ba mai ɗaga ido ya dube shi da sunan abinci. Al'adar gidan kuwa ita ce, in ɗa ya yi aure, ranar da ruwan shuka ya sauka, shi da amaryarsa sukan zo da ƙwarya su durƙusa a gaban uban. Uban ya yanka musu gona, ya zuba musu iri, ya sa musu albarka. Daga ranar nan sun zama masu gidan kansu.

Mutumin nan yana da ɗa guda, sunansa Habila. Habila ya girma, ya ga wata budurwa mai suna Keziya cikin mawaƙan majami'arsu, ya neme ta, iyaye suka yarda. Sai maganar sa rana ta taso.

Shekarar kuwa gona ba ta yi auki ba, rumbu bai cika ba. Matar ta ce wa mijinta, "Baban Habila, mu bari sai kaka mai zuwa. In hatsi ya shigo gida, sai mu yi bikinmu da natsuwa."

Ya ce, "A'a. Da bazara za a yi, lokacin da danginmu na birni suke samun hutu. Shekara nawa ina cin na mutane? Ɗa guda Allah ya ba ni. In ban tara jama'a a kansa ba, a kan wa zan tara?"

Habila ma ya zo ya zauna a ƙasa, ya ce, "Baba, ni da Keziya, in an ɗaura mana aure a gaban Ubangiji, an yi addu'a, an ci abin da ya samu, ya ishe mu."

Uban ya ce, "Kai aure za ka yi, ni biki zan yi. Kowa ya tsaya a kan nasa."

Kada ku ce mutumin nan mugu ne. Ba mugu ba ne, ba mashayi ba ne, bai taɓa fashin sujada ba. Yana ƙaunar ɗansa ƙwarai. Abin da ke damunsa guda ne, yana so a ce ya yi. Kun san irinsu, wataƙila ma da safen nan kun gaisa da ɗaya a madubi.

Ya aika aka yi sanarwa a majami'un ƙauyukan da ke kewaye duka. A kasuwa, duk wanda suka haɗa ido sai ya ce masa, "Ka zo, ka zo da iyali." Bai tambayi matarsa abin da ke cikin rumbu ba, ita da take shiga ta fita kullum. Bai tambayi iyayen amarya mutum nawa za su taho da su ba, wai tambaya ƙasƙanci ce. Ya kafa rumfuna, ya kira makaɗa, ya yanka sa. Matarsa ta yi magana har ta gaji, ta ci gaba da surfe.

Jama'a kuwa suka amsa kira, har da waɗanda ba a kira ba. Tun biki da sauran kwanaki baƙi suka fara sauka, kowa da bakinsa, wani da 'ya'ya, wani da abokin da ya tsinta a mota. Matan zumuntar majami'a suka ɗaura ɗamara, tukwane ba su sauka daga wuta ba. Ana ci ana waƙa, rumbu yana yin ƙasa. Da gari ya waye ranar ɗaurin aure, shugabar masu girki ta zo ta ce, "Maigida, gari ya ƙare. Mun share rumbu har ƙasa. Ga shi dangin amarya ba su iso ba tukuna, an ce motocinsu suna hanya."

Mutumin ya miƙe. Ya duba waje, ga mutane cike da rumfa. Ya shiga ɗakin girki don kada a ga fuskarsa. Da ya ɗaga kai, sai ya ga irin nan a rataye cikin hayaƙi.

Matarsa ta ga inda idonsa ya tsaya. Ta tare ƙofa, ta ce, "Wannan ba abinci ba ne, iri ne. Na Habila ne da Keziya."

Ya ce, "Surukaina su zo gidana su koma da yunwa? Da wane ido zan dubi mutane?"

Ta ce, "Da wane ido za ka dubi ɗanka ranar da ruwa ya sauka?"

Ya ce, "Ruwa da saura. Kafin nan Allah zai tanada."

Ta ce, "Ai ya riga ya tanada. Ga shi nan a rataye."

Ya kifa turmi, ya hau, ya sauke irin duka, bai bar ko zangarniya ɗaya ba. Aka sussuke da gaggawa, aka sheƙe, aka kai niƙa, aka tuƙa tuwo. Matar ta koma bayan ɗaki ta zauna, ba ta sa hannu ba.

Aka ɗaura aure, aka yi guɗa, aka kawo wa baƙi tuwo. Amma dawar da ta sha hayaƙi rani duka, ɗanɗanon hayaƙi take yi. Wannan ya kai loma ɗaya ya ture kwano, wancan ya yatsina fuska ya sha ruwa. Wata tsohuwa daga dangin amarya ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wannan tuwo ne ko toka?" Da yamma, sa'ad da jama'a suka watse, aka tattara malmala a kwanduna aka zuba wa kaji da karnuka. Ko kunyar da maigidan yake gudu, bai tsira daga gare ta ba.

Ba a daɗe ba hadari ya haɗu, aka yi ruwa mai yawa, ƙasa ta jiƙu. Da safe kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Habila da Keziya suka zo bisa ga al'ada. Habila ya sani, gama ya ga igiyoyin da ke reto a bisa murhu ba kome. Keziya kuwa baƙuwa ce a gidan, ba wanda ya iya faɗa mata. Ta zo da sabuwar ƙwaryarta ta aure, ta durƙusa, ta miƙa da hannu biyu, ta ce, "Baba, ga mu."

Mutumin ya dubi ƙwaryar. Yarinyar nan tana durƙushe, hannunta a miƙe, tana jira, har ta ɗaga kai ta dubi mijinta ta ga yana duban ƙasa. Uwar ce ta zo ta karɓi ƙwaryar, ta ɗaga ta, ta ce, "Tashi, 'yata. An cinye."

Uban ya fita neman iri gida gida, wurin mutanen da suka ci suka sha a rumfarsa. Wani ya ce ya riga ya shuka nasa. Wani ya ce, "Ayya, da ka faɗa da wuri." Wani ya ce, "Ashe irin ne muka ci? Shi ya sa yake warin hayaƙi." Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Waɗanda suka tausaya masa suka ba shi nasu, amma nasu irin kwari ne, doguwar dawa mai son ruwa har ƙarshen damina. Jar dawar nan ta gindin dutse, ba mai ita sai gidansa, ga shi ta tafi cikin kaji.

Suka shuka abin da suka samu. Ta tsiro, ta yi tsayi, ta yi kore shar, masu wucewa suna yabawa. Tana cikin fid da kai ruwa ya ɗauke, kamar yadda ya saba a wurin. Ta bushe a tsaye, kara zalla, ba ƙwaya.

Da kaka ta yi, masu girbi suna girbi, Habila ya ɗaure 'yan kayansa ya tafi birni neman aikin ƙarfi. Keziya tana da juna biyu, iyayenta suka zo suka ɗauke ta, suka ce ta zauna wurinsu har abubuwa su daidaita. Ba faɗa aka yi ba, ba wanda ya zagi wani. Sabon ɗakin da aka shafe da farar ƙasa domin amarya ya zauna a rufe. Mutumin kuwa yakan shiga ɗakin girki ya zauna a kan turmin nan, hayaƙi yana tashi yana bugun igiya.

Ma'anar wannan misali ita ce, biki na yini guda ne, aure kuwa gona ce da za a yi ta nomawa har mutuwa. Irin nan shi ne duk abin da ango da amarya za su fara zama da shi bayan an kwashe rumfuna: abincinsu, sana'arsu, ƙarfin jikinsu, koyarwar da za su tsaya a kai, da zaman lafiya tsakanin gidajen nan biyu. Manomin kuwa mu ne, iyaye, wani lokaci ma ango da amaryar da kansu. Baƙin da suka ture kwano su ne mutanen da muke tsoron bakinsu. Ku lura, an ba su abin da ya fi kome daraja a gidan, duk da haka ba su gode ba. Bakin mutane ba ya ƙoshi, ko ka dafa masa kanka.

'Yan'uwa, na daɗe ina ɗaura aure a ikilisiyar nan, kuma gaskiya na gaji. Ba da aure na gaji ba, aure abu ne mai tsarki. Na gaji da ganin ana sauke iri. Na ga an sayar da keken ɗinkin yarinya don a yi anko kala-kala, ita kuwa da keken nan za ta ci abinci. Na ga an sayar da takin da aka ajiye wa damina don a kira masu ɗaukar hoto. Nakan sa wa masu shirin aure ranar koyarwa, in zauna ina jira, a aiko mini cewa amarya tana wurin tela, ango ya tafi neman kujeru. An sami lokacin gwada riga sau da yawa, ba a sami lokacin zama a yi magana a kan inda za a zauna da abin da za a ci ba. Ranar aure su iso majami'a a makare, a gajiye, ina wa'azi amarya tana gyangyaɗi. Kafin rana ta faɗi, iyayen ango da na amarya sun ɓata a kan rabon nama, ɓacin da yaran nan za su yi shekaru suna ɗauke da shi. Bayan 'yan watanni kuma ƙofata ake ƙwanƙwasawa, masu anko ba ko ɗaya.

Ba na ce kada a yi murna ba. A yi waƙa, a yi rawa, a ci a sha, Ubangiji ba ya ƙin farin cikin 'ya'yansa. Amma daidai ruwa daidai tsaki. Kafin ku sa rana, ku leƙa rumbu, ku bar rumbu ya sa muku rana, ba hutun mutanen birni ba. Ku tambayi wadda take shiga rumbun, gama sau da yawa ita ta san gaskiya, mu maza sanarwa kawai muka iya. Gidajen biyu su zauna su faɗa wa juna ƙarfinsu ba kunya. In yaran suka ce kaɗan ya ishe su, ku ji su, su za su zauna cikin auren. Ku gayyaci waɗanda za ku iya ciyarwa. Tun kafin baƙo na fari ya sauka, ku ware abin da yake iri, ku ce wannan ba a taɓawa, ko wa ya zo, ko me za a ce. Manomin nan ma ya san bambancin iri da abinci sarai. Abin da ya kayar da shi shi ne ya bari sai da jama'a suka cika rumfa, sa'an nan ya tsaya yanke shawara, mai jin kunya kuwa ba ya shawara mai kyau.

Kada kuma wani ya ce mini, "Allah zai tanada," alhali hannunsa yana kan igiya. Bangaskiya dabam, ganganci dabam. Abin da Allah ya riga ya ba ka domin gobe, in ka cinye shi yau don a yabe ka, kada ka sa sunansa a ciki.

Makaɗa za su tafi, rumfuna za su koma wurin masu su, anko zai koɗe. Sa'an nan ruwa zai sauka, gama ruwa ba ya tambaya ko an shirya. Da safen nan 'yar mutane za ta zo da ƙwaryarta, ta durƙusa a gabanka, ta ce, "Baba, ga mu." Tun yau ka san abin da za ka zuba mata.