Busasshen Tsumma da Baƙar Mota

Akwai wani mutum, manomin citta, wanda Allah ya ba shi 'ya guda ɗaya tak, sunanta Keziya. Matarsa ta rasu tun yarinyar tana sa takalmin hagu a ƙafar dama. Bai ƙara aure ba. Shi ya goya ta, shi ya koyi tuƙa tuwo saboda ita, shi yake kai ta wurin mai kitso ya zauna a waje yana jira. Mutanen gari suka riƙa kiransa Baban Keziya har ainihin sunansa ya kusa ɓacewa.

Mutumin nan yana ƙaunar 'yarsa, kada wani ya yi shakka. Amma akwai magana ɗaya da yake tsoro fiye da ciwo, wato a wayi gari wani ya dubi yarinyar ya taɓe baki ya ce, ai dole, rainon namiji ce. Saboda wannan tsoro, idonsa ba ya sauka daga kanta. In ta yi dariya, ta cika ƙara. In ta yi miya, gishiri ya yi yawa ko ya kasa. In ɗankwalinta ya ɗan karkace, a ƙofar majami'a zai gyara mata shi da baki, a gaban ƙawayenta 'yan ƙungiyar mawaƙa. Bai taɓa ɗaga hannu ya buge ta ba. Haka kuma bai taɓa buɗe baki ya ce ta yi daidai ba, don a ganinsa yabo yana lalata yaro.

Ana nan sai aka yi wata shekara da citta ta yi albarka ta kuma yi daraja. Shi da maƙwabcinsa Malam Dogara, wanda gonarsu ke iyaka da juna, suka tafi birni suka sayo sababbin motoci iri ɗaya, dukansu baƙaƙe wuluk. Baban Keziya ne ya zaɓi launin, ya ce baƙar mota ita ke da kwarjini. Gaskiyarsa kuwa. Duk wanda ya taɓa ganin baƙin fenti sabo fil ya san ba abin da ya kai shi kyau. Sama da gajimare da itatuwa duk kana ganinsu a jikin motar kamar a ruwan rijiya.

Ran da motar ta iso, Keziya ta fito da gudu. Ta tsaya a gaban ƙofar motar ta ga fuskarta tar, ta yi dariya, ta ɗora tafin hannunta a kai don murna. Uban ya ce ta cire hannunta. Ya ciro wata tsohuwar singileti ya goge wurin da ta taɓa, tana tsaye tana kallo.

To, ku masu mota, na ga kuna murmushi, kun san halin baƙin fenti. Farar mota sai ta yi mako da ƙura ba wanda ya kula. Baƙa kuwa, ko ƙuda ya sauka ya tashi sai an gani. Ga shi hanyar gidan mutumin nan jar ƙasa ce. Don haka tsumman nan ya koma zama a aljihunsa. Ya dawo daga gona, ya goge. Babur ya wuce ya tayar da ƙura, ya goge. An tashi daga sujada, rana tsaka, ƙarfe ya yi zafi, mutane na gaisawa, shi yana can yana murza tsumma a busasshe, yana zagayawa da shi da ƙarfin manomi. In ya ga motar Malam Dogara ta kwana biyu da ƙura a jikinta, sai ya girgiza kai ya ce wasu mutane ba su san darajar abu ba.

Kafin damina ta zagayo, motar ta fara dushewa. Baƙin ya koma kamar tsohuwar tukunya. Ya ƙara ƙaimi wajen goga, abin ya ƙara lalacewa. Sai ya fara faɗa wa duk wanda ya tsaya saurarensa cewa fentin zamani ba shi da ƙarko, masu sayarwa sun cuce shi.

A cikin gida kuma wani abu yana dushewa, shi bai lura ba. Keziya ta daina waƙa in tana wanke-wanke. Ta daina ba shi labarin makaranta. Kome ya ce, sai ta ce to, Baba. Shi kuwa ya ɗauka tarbiyya ce ta kama.

Wata rana da yamma ta zo ta durƙusa a gabansa. Ta ce tana roƙon ya bar ta ta koma wurin gwaggonta a Saminaka, ta zauna can ta koyi ɗinki, gwaggon ma ta yarda. Ya tambaye ta wa ya taɓa ta, ta ce ba kowa. Ya matsa mata. Kanta a ƙasa ta ce, "Baba, so nake in je inda ba na ɓata wa kowa rai."

Maganar ta soke shi, amma girman kai irin na maza ya hana shi nunawa. Ya ce to, ran Asabar shi da kansa zai kai ta. A ransa kuwa yana cewa, duk wahalar da ya sha a kanta, sakayyar ke nan?

Asabar ta yi. Akwatin Keziya yana baranda a ɗaure. Uban ya fito da mota tsakar gida, hasken safiya ya faɗa mata a kaikaice, sai ya ga abin da bai taɓa gani sosai ba. Jikin motar gaba ɗaya ya cika da siraran zane, zagaye a kan zagaye, kamar saƙar gizo-gizo. Ransa ya ɓaci. Ya ce wa yarinyar ta jira shi, ya nufi gidan Malam Dogara don su sa rana su koma birni tare su yi ƙorafi, tun da wuri ɗaya suka saya.

Ya tarar da Malam Dogara a inuwar darbejiya da bokitai, yana wankin tasa motar. Gefen da ya gama yana ƙyalli kamar ran da aka kawo ta. Baban Keziya ya tsaya sororo. Ya tambaye shi ko sabon fenti ya yi mata. Malam Dogara ya ce shi da wane kuɗin, ai fentin da suka zo da shi ne.

Sai Baban Keziya ya zauna a kan dutse yana kallon yadda maƙwabcin ke yi. Mutumin bai taɓa motar da komai ba sai da ya kwara mata ruwa daga sama, ya bari ya gangara ya tafi da ƙurar, ya sake kwarawa. Bayan haka ya tsoma wani lallausan ƙyalle a ruwan kumfa, ya bi jikinta a hankali, ba dannawa. In ƙyallen ya faɗi ƙasa, ba ya mai da shi jikin motar sai ya ɗauraye. Baban Keziya ya ce shi fa ya fi shi kula da mota nesa ba kusa ba, a yini sai ya goge tasa ba adadi, to me ya sa tasa ce ta mutu?

Malam Dogara ya lakato ƙura daga gefen da bai wanke ba, ya shafa masa a yatsa, ya ce ya murza. Ya murza, ya ji tsaki-tsaki.

"Ka ji ko? Yashi ne," in ji Malam Dogara. "Ƙura ba ta ƙarzar mota da kanta, zama kawai take yi a kai. Sai hannu ya danna ta. Fentinka lafiyayye ne, ɗan'uwa. Kai ka yi ta gurzarsa da yashi, a busasshe, a cikin rana."

Baban Keziya ya tambaya, da wata ƙaramar murya, ko abin yana gyaruwa. Maƙwabcin ya gaya masa gaskiya. Ya ce zanen da bai yi zurfi ba, man goge mota yana ɓatar da shi in an yi haƙuri. Wanda ya yi zurfi kuwa yana nan. Ya ce abin da ke sa baƙin fenti ƙyalli ɗan siriri ne ƙwarai a samansa, ba ya jure wulaƙanci. Amma in ya daina yau, ɓarnar ba za ta ƙaru ba.

Ya kamo hanyar gida yana tunanin mota, mota kawai. Yana shiga, Keziya ta fito da jakarta a kafaɗa, ta yi shirin tafiya. Ɗankwalinta ya ɗan zame gefe. Bakinsa ya buɗe da kansa, yadda ya saba. Sai ya ga yarinyar ta ƙanƙame kafaɗunta, ta sunkuyar da kai, hannunta ya tafi kan ɗankwalin. Tun kafin magana ta fito ta riga ta ji zafinta. Ya dubi fuskar da ta yi dariya a ƙofar mota ran nan, ya ga babu sauran haske a cikinta. Ya duba hannunsa, ashe yana cikin aljihu, riƙe da tsumman.

Ya zauna a bakin baranda kusa da akwatin. Da ya samu kansa, sai ya tashi ya mai da motar inuwa, bayan ɗaki, inda masu wucewa ba sa gani. Ya roƙi Keziya ta taimake shi da ruwa. Ta yi mamakin roƙon, don umarni ta saba ji, amma ta ajiye jaka ta ɗebo. Ya ce ita za ta zuba. Tana kwarawa, jar ƙasa na gangarowa, shi kuma ya fara magana, idonsa a kan motar don ba zai iya dubanta ba.

Ya ce miyar da ta yi jiya ta yi daɗi. Ya ce ta daɗe tana yin daɗi, shi ne bai faɗa ba. Ya ce in tana waƙa a majami'a yakan sunkuyar da kai, ita tana zaton kuskure ta yi, alhali muryar mamarta yake ji, yana ɓoye hawaye ne. Ya gaya mata maganar da yake tsoron mutane su faɗa, wadda ta sa ya hana ta sakat. Sannan ya juyo, dattijo da furfurarsa, ya ce, "Keziya, ba ki ɓata mini rai ba. Ke ce farin cikina. Ni ne na yi ta goge ki a busasshe. Ki gafarta mini, 'yata."

Bokitin ya suɓuce mata. Ta yi kuka irin wanda ta daɗe tana haɗiyewa, shi ma ya yi. Kada ku zaci nan take ta kwance kaya, zuciya ba haka take ba. Cewa ta yi rana ta yi, su bar tafiyar sai wani satin. Akwatin ya zauna a baranda a ɗaure. Wani satin ya zo, ta ce sai an gama bikin girbi a majami'a, don tana cikin masu waƙa. Uban bai matsa mata ba. Wata safiya ya fito ya ga babu akwati a baranda, ya kasa kunne, sai ya ji waƙa tana tashi daga wurin wanke-wanke.

Motar kuwa, sun yi ta shafa mata mai tare, ta farfaɗo sosai. In rana ta take, mai lura zai ga sauran zane. Amma a inuwa Keziya tana ganin fuskarta a ƙofar. Ran nan ta ɗora tafin hannunta a kai da gangan, tana satar kallon uban. Ya bar shatin hannun a wurin har ranar wanki.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ba a ɓoye take ba. Baƙar motar ita ce ran da Allah ya damƙa a hannunka, ɗanka ne, matarka ko mijinki, ko sabon mai bi da ya shigo cikinmu jiya. Ƙurar kuwa kurakurai ne, kuma gaskiya ne suna nan, ba wanda ya ce a bar su. Malam Dogara ma yana wanke motarsa. Tambayar ita ce da me kake cire su.

Da yawa daga cikinmu muna yawo da busasshen tsumma a aljihu, muna kiransa tarbiyya. Ni da nake gaya muku, na san nauyinsa. Muna gyara yaro a gaban mutane, lokacin da ransa ya yi zafi, ba mu fara zuba ko ɗigon alheri ba. In ya dushe, ya yi shiru, ya fara neman hanyar barin gida, sai mu ce yaran zamani ba su da ƙarko. Haba, jama'a! Ka dubi hannunka tukuna. Abin baƙin cikin shi ne, wanda ya fi ƙauna shi ya fi yin wannan ɓarna, don shi ne ba ya iya ganin ƙura ya wuce.

Ku tuna yadda Ubangijinmu ya yi da ƙafafun almajiransa. Ya ga ƙurar, bai yi kamar bai gani ba. Amma a cikin ɗaki ya yi, ba a kasuwa ba. Ya sunkuya ƙasa, ya wanke da ruwa, sai daga baya ya goge. Haka yake yi da ni da kai har yau, in ba haka ba da tuni mun ƙare.

Wataƙila a gidanka akwai akwatin da aka riga aka ɗaure, ko da idonka bai gan shi ba. Wani zanen ba zai ɓace ba, ba zan ruɗe ku ba. Amma wanda ya daina yau, ɓarnarsa ta tsaya yau. In an tashi ka koma gida ka ga ɗankwali a karkace, ka bar tsumman a aljihu. Ka ja yarinyar inuwa, ka fara gaya mata abin da ka daɗe kana gani mai kyau a wurinta, wanda ba ka taɓa faɗa ba.