Ƙwarƙwatar da Ba Ta Shan Jini

Dalilin da ya sa 'yar mitsitsiyar ƙwarƙwatar nan ta jikin bishiya ba ta da dangi, yara, ku matso ku ji, don ni na san kakarta.

Sunanta Tasalla. A da, ƙwari ba su da tsagar gado, kowa shiga gidan kowa yake. Tasalla kuwa ba ta taɓa hura wuta ba. Duk gidan da hayaƙi ya tashi, danginta ne. Gidan ƙwarƙwata ta ce kakarsu ɗaya, ta ci tuwon suna. Bikin ƙudaje ta ari fiffike ta yi anko, ba ta mayar ba. Gidan gizo-gizo ta zauna koyon saƙa, ana sauke tukunya ta ajiye zare.

Rannan aka yi shela: Zanzaro wanzami zai yi wa kowa tsagar gidansu, wanda ba shi da ita ba shi da masauki. Amma wanzami ba ya sa aska sai gwaggo ta riƙe kai.

Tasalla ta taho tana yauƙi, tana tunanin gwaggonin nan har faɗa za su yi a kanta.

Zanzaro ya ce, "To 'yan mata, wa zai riƙe miki kai?"

Ta nuna tsohuwar Ƙwarƙwata. "Ga Gwaggona nan."

Tsohuwa ta ce, "Lale da 'yar ƙanena! Zo ki kurɓi jinin nan, abincin gidanmu ne."

Tasalla ta sansana, sai amai.

"Allah sarki," in ji tsohuwa, "jinin gidan ya yi mata yawa."

Ta juya wajen ƙudaje. Uwar Ƙuda ta ce, "Tashi mu gani, Hajiya, ai fiffiken namu ne." Ta yi fir, ko taƙi ɗaya ba ta kai ba, ta faɗo a zabirar wanzami.

Ta ruga gun gizo-gizo, ta saƙa 'yar yanarta a gabansa, tana haki. Ya duba, ya sake dubawa.

"Madalla da gwanar masaƙa. Wannan ko sauro mai zazzaɓi ratsa ta zai yi ya wuce."

Ta koma gun Zanzaro. "Baba, yi min kowace iri ce, ni ba na zaɓe."

"Mun lura," ya ce, ya goge askarsa ya rataya zabira.

Kowa ya bi danginsa gida. Tasalla ta haye bishiyar da ke kusa, ta cusa kai cikin ɓawo. Yunwa ta ciyo ta, ba gidan zuwa, ta fara kankarar gansakuka.

Shi ya sa har yau za ku same ta maƙale a ɓawon itace ƙarƙashin yanar da ba ta kama komai, ana kiranta ƙwarƙwata, ƙwarƙwatar gaske kuwa ko gaisuwarta ba ta amsawa.