Tayoyin Keken Babakura

Akwai wani saurayi a unguwar Bulabulin mai suna Mikail. Wansa Babakura ya rasu wata huɗu kafin abin da zan ba ku labarinsa, bayan zazzaɓin kwana shida. Bai yi aure ba, bai gina ko ɗaki ɗaya ba. Abin da ya bari keke ne, jingine a zaure.

Keken ɗan gwanjo ne, irin na tsakatsakin nan. Ba siririn keken tsere ba ne, ba kuma mai ƙatuwar tayar nan ta hawa dutse ba. Yana gudu a kwalta, yana kuma haƙuri a turɓaya. Wata huɗu babu wanda ya taɓa shi. Mikail yakan wuce ta zauren ya kau da kai. Wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa ya san irin wannan kau da kan.

Mahaifiyarsu Ya Bintu humra take haɗawa da turaren wuta, da shi ake ci a gidan. Tunda aka hana mashin a garin nan, Babakura ne ke kai wa masu saye, kwalabe a kwando, kwando a kan kariya. Da ya rasu ta gwada aikawa a Keke Napep. Wani direban ya ƙi shiga rairayi, wani ya shiga ya fasa mata kaya. A hankali matan da suka saba da ita suka fara komawa wurin wasu.

Saura mutum ɗaya mai ƙarfi, Hajja Mu'mina ta Maisandari. Ita ce ke jawo wa Ya Bintu yawancin masu saye. 'Yarta ta gama karatun jinya za ta yi aure, sai ta aiko a haɗa mata kayan ƙamshin amarya gaba ɗaya, a kai ranar Alhamis kafin la'asar. Kowa a gidan ya san idan wannan ma ya lalace, sana'ar ta tsaya ke nan.

Ranar Litinin da safe Mikail ya fito da keken ya goge shi. Sarƙa lafiya, birki lafiya. Tayoyin ne suka tsattsage saboda zama babu iska. Kuma da ya dube su da kyau sai ransa ya sosu. Ta gaba ja-ja ce, ta baya baƙa, kuma ta fi ta gaban kauri. Ya ce a ransa, ashe haka Yaya ya yi ta yawo da taya bambam saboda babu. Ya yi niyyar sai ya sa wa keken sababbi iri ɗaya, masu kyau, waɗanda mai shi bai samu ya hau ba.

Ya tura keken har Hausari, wurin Baba Yoila mai gyaran keke. Dattijo ne daga kudancin Borno, ya fi shekara talatin a ƙarƙashin dalbejiya ɗaya, da famfonsa da bahon ruwansa. Yana hango keken ya ajiye abin da ke hannunsa.

“Wannan na Babakura ne,” ya ce. “Kai ne ƙanin? Allah ya jiƙansa. Zauna.”

Mikail ya amsa da amin, amma bai zauna ba. Ya ce sauri yake, taya biyu yake so, sirara masu santsi, irin waɗanda ya gani a hoto a waya.

Baba Yoila bai tashi ya ɗauko komai ba. Haka yake aiki, kowa a unguwar ya sani. Ba ya sayar da taya sai ya duba tsohuwar. Ya durƙusa, ya juya ƙafar baya a hankali, yana shafa ta da babban yatsa kamar mai karanta wasiƙa. Sannan ya tambayi Mikail ina zai riƙa zuwa da keken, me zai ɗauka, kuma nauyin kayan ya kai nawa.

Mikail ya ce shi taya ya zo saye, ba neman aiki ya zo ba da za a yi masa tambayoyi.

“Ai na sani, Injiniya,” in ji dattijon yana murmushi. “Siririyar ba ta hanyarka ba ce. Irin wadda ta dace ba ni da ita yau. Ka ba ni zuwa jibi in nemo.”

“Baba, idan babu a wurinka ka ce babu. Ku ne kuka haɗa wa Yaya wata ja wata baƙa, kamar takalmin mahaukaci.”

Mai shayin da ke gefe ya ɗago kai. Baba Yoila ya miƙe, ya riƙe wa Mikail kan keken har ya karɓa, ya ce ya gaida Ya Bintu.

Mikail ya wuce kasuwa. Can ya samu abin da yake so, sirara biyu baƙaƙe masu jan layi a gefe. Mai shagon bai cuce shi ba, abin da ya nuna aka ba shi. Aka sa, aka ba su iska har suka yi tauri kamar ƙarfe. A kan kwalta keken ya yi ta tafiya kamar ba a taka shi. Iska na dukan fuskarsa, karon farko tun rasuwar ya ji ƙirjinsa ya ɗan buɗe. Ya ce ina ma Yaya ya ga wannan.

Ranar Talata Ya Bintu ta ba shi humra kwalba uku ya kai wa wata mata a bakin Maisandari, don ya fara sanin hanya.

Tun a kwalta kwalaben suka fara ƙara. Kowane ɗan rami sai ya ji shi har cikin haƙoransa, kwalabe na karo da juna a bayansa. Da ya sauka daga titi ya shiga rairayi, tayar gaba ta nutse kamar wuƙa a tuwo. Kan keken ya murɗe. Mikail ya tafi gefe guda, kwando ya tafi gefe guda.

Kwalba biyu suka fashe. Humrar da aka yi kwana arba'in ana jira ta nuna, rairayi ya shanye ta cikin minti ɗaya. Ƙamshi ya tashi ya cika layin. Wasu mata biyu masu wucewa suka yi masa sannu, ɗayar ta ce wa 'yar'uwarta, ba a hankali ba, wane angon ne ya faɗi tun ba a ɗaura ba.

Da ya ɗaga keken ya tarar tayar baya ma ta sace. Ƙayar tsidau uku ya cire a jikinta. Haka ya tura shi har Bulabulin cikin rana.

Ya Bintu ba ta yi faɗa ba. Tun kafin ya yi magana hancinta ya gaya mata. Ta duba gwiwar hannunsa da ta ƙuje, ta shafa masa man zafi. Can ta ce kada ya damu, ranar Alhamis za ta shiga Napep zuwa bakin titi, sauran ta ɗauka a ka. Matar da sai ta dafa bango take tashi daga sallah.

Wannan maganar ta fi masa faɗuwar ciwo.

Laraba da sassafe yana Hausari. Ya tsaya nesa kaɗan da dalbejiyar, ya kasa ƙarasawa. Baba Yoila ne ya kira shi.

“Injiniya, matso mana. Tun daga can na ji ƙamshinka.”

Mikail ya durƙusa ya gaishe shi yadda ake gaida uba. Ya ce ya yi masa rashin kunya shekaranjiya, ya yafe masa. Dattijon ya ce wanda ke cikin makoki ba a riƙe shi da magana, ya tura masa benci. Wannan karon Mikail ya zauna.

Ya ce to yanzu ya gane, a ba shi mafi ƙatuwar taya, mai manyan haƙora, irin ta keken dutse.

Baba Yoila ya yi dariya har da tari. Ya ce shekaranjiya siririya, yau ƙatuwa, kai ba ka da tsakiya ne? Ya nuna masa cewa waccan ba za ta ma hau wilin ba, ba girmansu ɗaya ba. Ko da ta hau za ta riƙa gogar ƙarfen keken. Kuma haƙoranta a kan kwalta za su riƙa karkaɗa kwalabe tun daga ƙofar gida.

Sai ya sa hannu bayan akwatinsa ya jawo taya biyu ɗaure da igiya. Ashe tun ranar Litinin, bayan tafiyar Mikail, ya rufe rumfa da wuri ya bi dilolin 'yan gwanjo yana nema. Bai san ko yaron zai dawo ba. Ya dai san hanyar Maisandari.

Ya nuna masa lambar da ke gefen kowace. Ta farko, ɗari bakwai, ita ce girman wili, ba a canja ta. Ta biyun ita ce faɗi, nan ne mutum ke da zaɓi. Ta gaba talatin da takwas, ta baya arba'in da biyu. Tsakiyarsu sumul don kwalta, gefe da 'yan ƙananan haƙora don su kama rairayi. Ya sa Mikail ya matsa ta bayan da yatsa ya ji kaurin robar. Tsidau sai dai ta gaishe ta ta wuce, in ji shi.

Su ma ɗin launinsu ba ɗaya ba ne. Mikail ya lura.

“Ka ce mu muka haɗa wa wanka bambam,” Baba Yoila ya ce yana saka tub. “Shi ya zaɓa, ɗana. Wata uku yana canjawa yana dawowa. Na taɓa kawo masa iri ɗaya masu kyau, ya ce a'a Baba, ba ni za su ɗauka ba, kayan Mama za su ɗauka.”

Mikail ya sunkuyar da kai. Dattijon ya ci gaba da aikinsa bai dube shi ba, har Mikail ya gama share hawayensa.

Da aka gama ɗaurawa Mikail ya miƙa hannu zai karɓi keken. Baba Yoila ya ce saura. Ya ari kwanon sha a wurin mai shayi, ya cika shi da ruwa saura kaɗan, ya zaunar da shi cikin kwandon, ya tokare da tsumma. Ya ce ya zagaya layin bayan masallaci, inda akwai kwalta, akwai rami, akwai rairayi, ya dawo.

Ya dawo da rabin kwano da jiƙaƙƙen wando. Mai shayi ya ce a kawo masa siga ya ƙarasa haɗawa.

Baba Yoila ya danna bakin tayar ya rage iska kaɗan, gaba da baya. Ya sake cika kwanon. Ya ce a rairayi kada ya taka birki, kada ya ƙanƙame kan keke, ya sauko da giya tun kafin ya shiga, ya yi ta juya feda a hankali. Zagaye na biyu ruwan ya ragu da yatsa biyu. Aka ƙara rage iska. A na huɗu Mikail ya tsaya a gaban rumfar, duk suka leƙa kwandon. Tsumman ko laima babu.

“Taɓa tayar,” in ji dattijon. “Riƙe wannan laushin a yatsanka. Ko wa zai ba ka iska, kai za ka ce ya isa.”

Ranar Alhamis bayan azahar Ya Bintu ta shirya kwalaben cikin kwando, tana sa tsumma tsakaninsu. Ba ta ce ya yi a hankali ba. Ta dai dafa kariyar ta yi bisimilla.

Keken bai yi gudun ranar Litinin ba. Napep suka yi ta wuce shi, har da wani mai turin baro ya jera da shi a wajen cunkoso. Bai damu ba. Inuwar dalbejiya na faɗowa a kansa tana wucewa, bayansa shiru. Da ya zo inda ya faɗi, ya sauko da giya, ya sassauta hannu. Tayar ta hau kan rairayin ta bi ta wuce.

Ya shiga gidan Hajja Mu'mina ana shirin kiran la'asar. Ya jingine keken ya yi sallama. Can sai ta fito tana gyara mayafi, idonta ya yi ja.

“Wushe, sannu da zuwa, ɗan Ya Bintu. Ka tsorata ni. Ina ɗaki na ji tsayuwar keke, ban ji ƙarar kwalba ba. Mutum ɗaya na sani yana shigowa gidan nan haka, marigayi Babakura.”

Ta buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa. Babu wadda ta ko tsage. Ta kira ƙannenta biyu da suka zo biki daga Bama, ta ce su ji hannun Ya Bintu. Kafin ya sha ruwan da aka kawo masa, ɗayar ta ce tana son irinsa wata mai zuwa, ta tambaya ko yana kaiwa har tasha.

Mikail ya ce yana kaiwa.

Darasi: Kafin ka zaɓi abu, tambayi kanka wace hanya za ka bi da shi, kuma kayan wa za ka ɗauka. Idan mai sana'a ya tsaya yana yi maka tambaya, ba raina ka ya yi ba, zauna ka amsa. Kuma abin da ka tarar wani ya bari a karkace, kada ka yi saurin cewa rashi ne ko rashin sani, wataƙila don wani ya karkata shi. Allah ya jiƙan 'yan'uwanmu da suka riga mu. Ka tura wa wanda ka san yana da saurin yanke hukunci, in kuma kai ne, ka sake karantawa.