Wadda Za Ta Raka Saude

Ku ci gaba da ɓarar gyaɗarku, kunnuwanku kawai nake so. Ke Hansai, ajiye wayar nan. Ga wata nan na kawo muku, ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshe ba wadda za ta tashi sai ta faɗi nata. Ni kaina duk ranar da na tuna ta sai raina ya ɓaci.

A wani gari da ake ce wa Rafin Ɗinya an yi wata mata, Barira, matar Yahuza mai tafiya cirani. Duk garin an san ta da abu guda, dauriya. Haihuwa biyar ta yi a kan gwiwarta, ko tarinta ba a ji ba. Har in yarinya ta yi ƙara wajen naƙuda sai tsofaffi su ce, "Kai, kin ba da mu, je ki ga Barira." Ita ma tana jin daɗin wannan suna, kada in ɓoye muku. Abin da gari bai sani ba shi ne matar nan tana tsoron ƙarfen asibiti kamar ranta. Allura ko a hannun wani ta gani sai ta kau da kai.

A haihuwar ta biyar jini ya ɓalle mata, aka kwashe ta zuwa birni, ta sha da ƙyar. Likita ya zaunar da Yahuza ya ce masa in matar nan ta sake ɗaukar ciki, to ku tanadi likkafani. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ba ta yi mata saboda hawan jini. Allurar tazara ta gwada, jini ya ƙi tsayawa. Abin da ya rage shi ne robar mahaifa, 'yar ƙarama ce da ba ta kai ɗan yatsa ba, ana sa ta ciki ta zauna shekaru. Yahuza ya yarda, amma ya ce maganar ta tsaya tsakaninsu, kada mahaifiyarsa da wansa Malam Tukur su ji. Ya tafi ciraninsa. Malaman da ke sa robar sau ɗaya suke zuwa ɗakin shan magani na garin a wata uku. Suka zo, Barira ta ce kanta ke ciwo. Suka sake zuwa, ta ce goyonta ba lafiya. Zuwa na uku ya matso, ga damina ta kusa, ga Yahuza na shirin dawowa gida.

To, mata uku ne suka shiga maganar nan, ga ta farko. Uwani, aminiyarta tun suna tallar fura tare. Ita an riga an sa mata robar, kuma ranar da aka sa mata sai da ta yi amai, ta kwana biyu ba ta miƙe daidai ba. Ba kowace mace ke jin haka ba, wata sai ta tashi ta kama surfe, amma Uwani ta ji a jikinta sosai. Ta san Barira ciki da waje, ta san in ta faɗa mata wannan ko da igiya ba za a ja ta ba. Barira ta riƙe hannunta ta ce, "Uwani, don girman Allah, da zafi?" Uwani ta dube ta cikin ido, ta yi dariya ta ce, "Zafin me? Cizon sauro ya fi shi. Ni hira nake har aka gama." Har da rantsuwa, jama'a! Da wannan ƙaryar Barira ta ɗauki mayafinta ta fita. Ba don ita ba, ƙafarta ba za ta taka ƙofar wurin ba.

Ga ta biyu. Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifin Barira, ita ta raka ta. Mace ce mai ƙashi, wadda ta binne 'yarta ta cikinta a wajen haihuwa ta bakwai, ta kuma rantse ba za ta sake wanke gawar mai jego a danginta ba. Suka shiga ɗakin. Malamar asibiti ta ce akwai maganin rage zafi, amma sai an sha an jira kusan awa guda, ga layi har bakin titi, ga motarsu za ta juya bayan azahar. Ta tambaya ko a ba ta. Kafin Barira ta buɗe baki Gwaggo ta cafe: "Wannan? Haihuwa biyar ba a ji numfashinta ba. Ajiye maganinki ki ba ragwaye." Malama ta yi murmushi, ta ce to madalla. Ba wanda ya dubi mai jikin. Kuma ita Barira, da wane baki za ta ce tana so, bayan an gama yabonta a gabanta?

Ta hau gadon. Aka sa wani ƙarfe mai sanyi aka buɗe, ta cije. Sai aka sa na biyu aka damƙe bakin mahaifa. Wayyo! Barira ta ce naƙuda tana zuwa ta tafi, tana ba ka wurin shan iska, amma wannan kamar an tattara naƙudar yini guda an murɗa mata a lokaci ɗaya. Gumi ya keto mata, ɗakin ya juya, kunnuwanta suka toshe. Matar da ba a taɓa jin muryarta ba ta ce, "Ku bari! Na fasa, ku bari!" Ta yunƙura za ta tashi. Malama ta ɗaga murya ta ce in ta motsa yanzu ƙarfen zai ji mata rauni. Nan Gwaggo ta faɗa mata da dukan nauyinta, ta danne kafaɗunta, ta dunƙule gefen mayafi ta tura mata a baki, tana ce mata a kunne, "Ki yi shiru kada ki kunyata mu, mata na jin ki a waje." Haka aka gama. Da a ce ta sauka daga gadon nan ranar ba a sa ba, sai bayan wata uku, kuma miji na hanya. Gwaggo ce ta goya ta rabin hanya zuwa gida, ita ta dafa mata ruwan zafi, tana yi tana share hawaye a ɓoye.

An ce malamar ta yi bayani kafin su fito, cewa in ciwon ya wuce 'yan kwanaki ko zazzaɓi ya zo a garzaya asibiti. Wa ta yi wa bayanin? Wadda kunnenta ke ƙara? Barira ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Abin da ta ji ta riƙe shi ne na Gwaggo: ki yi shiru.

Ta kuwa yi shirun. Robar ta zauna daidai, amma ciwo ya shiga, abin da ba kasafai yake faruwa ba, sai ga shi ya faɗo kanta. Mara ta ɗaure, zazzaɓi ya sauko. Kwana tara tana daka a duƙe, tana tuƙa tuwo tana cije leɓe. Ba za ta je wurin Uwani ba, don a ganinta ita ce raguwa tunda Uwani hira ta yi aka gama. Ba za ta je wurin Gwaggo ba, don an riga an gaya mata abin da ake so da ita.

Ga ta uku. Rakiya, ƙanwar Yahuza, abokiyar wasanta, mai baki kamar rediyo. Ita ta shiga ɗaki da la'asar ta tarar da ita kwance a ƙasa, jiki kamar garwashi. Ta matsa mata har ta faɗi abin da aka yi. Barira ta riƙe zaninta ta ce, "Rakiya, amana. Ko mutuwa zan yi kada wani ya ji." Rakiya ta ce ta ji. Ta fita ƙofar gida, inda Malam Tukur ke zaune da mutanen unguwa, shi ne babban gida, shi ne kuma mai a-kori-kura ɗaya tilo a garin. Ta durƙusa ta ce matar Yaya Yahuza ba lafiya, a taimaka a kai ta birni. Ya ce ciwon ciki ne na mata, a jiƙa mata saiwa, kuma mace ba ta barin gari mijinta ba ya nan. Ta roƙa sau biyu, ya juya ya ci gaba da hirarsa. Sai Rakiya ta miƙe tsaye, a gaban liman, a gaban mai shayi, a gaban kowa, ta ce, "Yaya, robar hana haihuwa aka sa mata a mahaifa, ta ruɓe mata ciki! In ta mutu a ɗakin nan kai za ka yi wa Yahuza bayani!" Malam Tukur ya miƙe ya ɗauko makullin mota. Kafin a kira magariba mota ta ɗau hanya. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, sai dai wani labarin. Aka yi mata magani ta warke, robar ma ba a cire ba.

Ta dawo da ranta, amma ta tarar gari ya gama da ita. Surukarta ta daina cin tuwonta shekara guda. A bakin rijiya mata na ganinta sai a fara ƙus-ƙus. Sunan dauriya ya tafi, aka maye shi da Barira mai roba, har yara suka ɗauka. Sannan wata rana Uwani ta saki baki ta ce ai ita ma sai da ta yi amai, ta faɗa tana dariya, wai ai ga shi ya wuce. Barira ta dube ta, ta tashi ta bar mata tabarmar.

Ta rayu, ta ga 'ya'yanta biyar sun girma, kuma ta san ba don matan nan uku ba da tuni ciyawa ta rufe kabarinta. Ta sani sarai! Amma wallahi sanin bai kashe wutar ba. Ɗaya ta rantse mata a kan ƙarya. Ɗaya ta amsa a madadinta, ta danne ta, ta toshe mata baki. Ɗaya ta kwance mata zani a gaban maza. Kowacce kuma tana jiran godiya. Tana gaishe su, tana zuwa sunansu da bikinsu, amma shekara goma sha biyu ba ta sake zama da ɗayansu ta buɗe cikinta ba.

To, ga inda maganar take. 'Yar farin Barira, Saude, ta yi aure a wani gari nan kusa. Haihuwa biyu a jere, ta biyun ta zo da irin jinin uwarta, likita ya maimaita maganar da aka yi wa Yahuza, har zancen robar. Mijinta ya yarda, amma ya ce in danginsa suka ji, ba zai iya tare mata ba, sai dai ta koma gidansu. Saude ta zo wankan jego gida, ta gama arba'in, ta ƙara wasu kwanaki, ranar Asabar za a zo ɗaukarta. Malaman asibiti ranar Alhamis za su zo, mutum ɗaya ake bari ya shiga da mace. Saude kuwa ta fi uwarta tsoro, ga shi ta tashi tana jin sunan da ake kiran uwarta da shi. Ta ce ita ba inda za ta.

Za ku ce uwar ta zaunar da ita mana. Haba, kamar ba ku san kunyar 'yar fari ba! Barira ko sunan yarinyar ba ta taɓa kamawa ba, "waccan" take ce mata. A hannun kaka ta tashi. Tun da aka haife ta ba su taɓa haɗa ido sun yi zance mai tsawo ba, balle zancen mahaifa. Sau uku Barira na zuwa bakin ƙofar ɗakin, ta ɗaga labule, ta ga yarinyar na shayar da jariri, sai kawai ta ce, "An kai miki ruwa?" ta juyo. Ta koma madafa ta zauna tana huci, tana jin haushin matan nan uku, tana jin haushin garin da ya koya mata shiru, tana jin haushin kanta fiye da kowa.

Ranar Laraba da hantsi su ukun suka shigo gidan, kowacce da ƙafarta, ba wadda aka aika wa.

Uwani ta ce, "Bar ni da ita, kafin azahar da kanta za ta nemi mayafi." Kuma gaskiya ne, za ta iya. Barira ta san da abin da za ta iya ɗin.

Gwaggo Tabawa, ta tsufa amma hannun na nan, ta ce, "Ni in na shiga da ita, sai an gama za mu fito." Wannan ma gaskiya ne. Barira ta ji ɗanɗanon mayafin nan ya dawo mata a baki.

Rakiya ta ce, "Ni zan gaya mata komai, da zafin da ƙarfen, in tsaya sai an ba ta magani, in ta ce a dakata a dakata." Kada ku yi saurin tafa mata. Bara waccan, Rakiya ta gaya wa wata maƙwabciyarta komai, matar ta fasa zuwa, aka binne ta da cikin wata takwas. Kuma abin da ya shiga kunnen Rakiya da safe, kafin la'asar ya tsallaka gari.

Barira na tsaye a tsakar gida da muciya a hannu, tana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin ɗaki jariri ya fara kuka, uwarsa na rarrashinsa da muryar da ba ta gama dawowa ba. Gobe Alhamis.

To, ku ajiye gyaɗar nan ku dube ni. Mai ƙarya, mai danniya, mai tonon asiri, kowacce ta ceci ran uwar, kowacce ta bar mata tabo. Wace ce a cikinsu ta cancanci Barira ta damƙa mata 'yarta?