Dattijon da Ba Ya Bari La'asar Ta Same Shi a Xiaobei

Akwai wani dattijo, Fada Iliya, ɗan Malumfashi, limamin Katolika na ƙungiyar Jesuit. 'Yan wannan ƙungiya ba sa aure, ba sa tara abin duniya, inda aka tura su nan suke tafiya. Shekara goma sha biyu ya shugabanci wata jami'ar Katolika. Ranar da wa'adinsa ya cika, akwati ɗaya ya fita da shi.

Ciwon baya ya kawo shi birnin Guangzhou, can ƙasar waje, neman magani. Ɗaki guda ya kama a unguwar Panyu, babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Mutumin da dubban ɗalibai ke miƙe wa tsaye ya koma yana yin kwana uku bai ji sunansa a bakin kowa ba. Abin da ban tausayi.

Wata rana ya hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwa Hausawa ke taruwa, ya faɗa gidan abincin wani mai suna Tankari. Jin Hausa kawai ya sa idonsa ya ciko. 'Yan kasuwa suka ga furfura da nutsuwa, suka laƙaba masa Malam Iliya, har kujera aka ware masa.

Sun ɗauka Musulmi ne. Bai yi ƙarya ba, amma bai gyara musu ba. Yana tsoron in sun sani, kujerar za ta tafi. Sai ya riƙa zuwa bayan Azahar, ya sulale kafin La'asar.

Rannan ruwan sama ya tsare shi. Aka shimfiɗa dardumai a bayan shago, Mas'udu mai sarin wayoyi ya riƙo hannunsa.

"Baba, yau dai mun kama ka. Kai ne babba, bisimilla ka ja mu."

Fada ya sunkuyar da kai. "'Ya'yana, ni Kirista ne. Fada ne ma."

Ya ɗauki sandarsa ya shiga cikin ruwan.

Kwana biyar bai fita ba. A rana ta shida aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tankari ne riƙe da kular tuwo, yana haki, bayan ya bi ta asibiti neman adireshi.

"Haba Baba! Laifin me muka yi?"

"Ni ne mai laifi. Na ɓoye muku."

"Wannan kam ka yi, kuma mun ji zafi. Amma wa ya ce maka liman muke nema? Muna da liman. Dattijo ne ba mu da shi. Mas'udu ya hana kowa zama a kujerarka."

Washegari La'asar ta same shi a Xiaobei, yana zaune a kujerarsa, yana gadin wayoyinsu har suka sallame.

Darasi: Kada tsoron kaɗaici ya sa ka ɓoye gaskiyarka. In kuma wanda ya saba zama da ku ya ɓace, ku tashi ku nemo shi, ko addininku ba ɗaya ba. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.